Ruwan Wankin Gishiri

Ranar Babbar Sallar da ta wuce ina kishingiɗe a rumfa, na rufe fuska da mayafi, kun ɗauka barci nake yi. Ba barci nake ba, ƙafafuna ne suka gaji. A nan na ji ke Balkisu kina ba 'yarki labarin kakarku Inna. Yarinyar ce ta yi tambaya irin ta yara, wadda ba ta da kwana-kwana: me ya sa kawunta Barau ba ya ji sai an ɗaga murya, me ya sa maganarsa take fita ɗai-ɗai, me ya sa ga gemu amma bai kai kafaɗar ƙanensa ba. Kika ce mata taurin kan tsohuwa ne ya jawo, wai Inna ta hana a shigo da gishirin da asibiti ta ce a ci, shaidarki kuma ita ce da idonki kin ga har ta bar duniya ba ta yarda ta sa shi a baki ba. Kai kuma Murtala kana gefe kana gyara wutar tarenin gashin nama, ka ce ai haka ne, kowa ya sani. Kowa wa? Ku biyu ne kowa?

Ban tashi na tsawata muku ba saboda akwai baƙi, kun kuma san ni, in na fara ba na tsayawa a tsakiya. Abin da kuka gani da idonku gaskiya ne, amma kun sa shi baibai. Ban taɓa zaton haka kuka fahimce shi ba, shi ya sa ban taɓa zaunar da ku a kansa ba. To ga shi nan na rubuta, ku karanta, in kun gama ku karanta wa 'ya'yanku.

Daga Zugu aka kawo ni Gummi, gidan mahauta. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, kilishi yake yi yana kaiwa kasuwa, amma duk unguwa an san hannun da ke bayan kilishin nan na mahaifiyarsa ne. Inna ke haɗa labu, wato damun tunkuza da yaji da gishiri da ake tsoma naman a ciki kafin a sake shanya shi. In layya ta zo kuma, ita matan unguwa ke kawo wa cinya ta yanyana musu, ta murza gishiri, ta rataye a igiya. Naman wasu kafin wata ya zagayo ya fara wari ko ya yi tsutsa, na Inna kuwa sai a yi nisa da damina ana jefa shi a miyar kuka, ƙamshinsa na nan. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan dariya. Tana da wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye har ta koma kamar ganyen albasa, ko ɗanta bai isa ya taɓa ta ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Ta Zugu. Na yi shekara guda ina jin tsoronta kafin in gane ba fushi take yi ba, haka Allah ya yi fuskarta.

Sirrin aikinta ba ɓoyayye ba ne, duk wadda ta tambaya tana gaya mata: gishiri mai tsabta, busasshe ƙarau. A lokacin gishirin Foga muke ci, wanda wani Bazabarme mai suna Hamidu yake kawowa daga can yamma, ja-ja da shi, da ƙasa da tsakuwa a ciki. Irin wannan ba a sa shi a nama haka nan. Inna za ta juye shi a masaki, ta kwara ruwan randa mai sanyi, ta juya da hannu da sauri kafin ya narke, ta tsiyaye, ta sake, har ruwan ya fita fes. Sai ta baza a tabarma ya sha rana, a daka, a zuba a tulu a rufe. Daga tulun nan ake ɗibar na nama, daga nan ake ɗibar na miya. Ruwan wankin kuwa ba a zubarwa, a kwatarniyar awaki ake juyewa, don dabba na son abu mai gishiri-gishiri. Haka ta gani wajen uwarta, haka ta koya min, haka ta koya wa rabin matan unguwa. Macen da ba ta wanke gishiri, a wurin Inna ƙazama ce ko da sabulu nawa take wanka.

Na zo gidan da ɗan kumburi a wuya. A Zugu wannan ba abin kallo ba ne. Mahaifiyata tana da maƙoƙo, yayarta tana da wanda ya fi nata, in mata sun taru a gidan biki sai ka ga kowa da nata, har akwai masu cewa ɗan ƙarami yana ƙara wa budurwa kyau. Wasu su ce ruwan rijiya ne, wasu su ce gado. Abin da ya dame ni shi ne haihuwa. Cikin farko ya zube. Na biyu ya cika watanninsa, aka haifi yarinya ko kuka ba ta yi ba, aka naɗe ta aka fita da ita kafin in gama ganin fuskarta. Da kowane ciki wuyan yana ƙara girma, har sarƙar aurena ta daina zagayawa. Inna ba ta taɓa yi min gori ba. Ita ta yi min wankan jego kamar wadda ta haifi rayayye, tana tsoma ganye a ruwan zafi tana kaɗa min a baya.

Shekarar da nake so ku sani ita ce ta ciki na uku. Bazara ce mai zafi, layya na tafe, cikin kuma ƙarami ne, ko mahaifinku bai daɗe da sani ba. Inna ta ce wannan karon asibiti za a je, ta yafa mayafi ta raka ni da ƙafarta, ita da ko ciwon me take yi ba ta zuwa. Malamar da ta duba ni ta latsa wuyana, ta sa na haɗiyi yawu, ta tambayi irin gishirin da muke ci. Ta ce ƙasarmu ce ba ta da wani sinadari da ake kira aidin, don haka dawar da ta fito daga cikinta da ruwan da muke sha duk ba su da shi. Rashinsa ne ke kumbura wuya, yana zubar da ciki, cikin da ya tsaya kuma ɗan yana iya zuwa da naƙasa a ji ko a hankali. Ta ce yanzu an fara sa shi a gishirin buhu, mu bar na gargajiya mu koma wancan. Mata ne cike a bayana har waje, kafin in gama ɗaura zane ta kira ta gaba. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Magana ɗaya ce ta rage, ita ba ta san akwai buƙatar faɗarta ba, mu kuma ba mu san akwai abin tambaya ba.

Da muka dawo mahaifinku ya ƙi. Ba mugunta ba ce, sana'arsa yake ji. Mahautan kasuwa duk bakinsu ɗaya cewa gishirin buhu yana sa kilishi ɗaci, yana baƙanta nama, wasu har suna cewa maganin hana haihuwa aka zuba a ciki. Ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, kansa a ƙasa amma muryarsa a sama. Ina madafa ina jin su.

"Inna, in munka canza gishiri nama yal lalace, mi za mu ce ma mutane? Ga layya ta taho, kowa nan za shi kawo nashi."

"Ka ce musu ni nic canza."

"To a sawo mata na buhun ita ɗai, a aje mata daban."

"Tukunya guda mu ka ci gidan ga," in ji Inna. "Ni nin naɗe jinjirar can da hannuna. Ba ni ƙara naɗe wata in da abin da ni ka iya yi. Tashi ka tahi kasuwa."

Ya tashi ya tafi kasuwa.

Ba a daɗe ba Hamidu ya iso da kayansa. Tun mijin Inna na da rai yake sauka a zaurenmu, gishirinsa aka yi abincin sunan mahaifinku da shi. Ya tsufa a lokacin, ya rankwafa, amma ba ya fashin zuwa kafin layya. Inna ta sa aka kai masa fura, sannan ta fito ta tsaya a bayan zana ta gaya masa bana ba ta saye, baɗi ma haka.

"Uwar ɗakina, laihi niy yi?"

"Ba ka yi ba, Hamidu. Gishirinka bai taɓa ba ni kunya ba. Jika ni ka biɗa."

Ya shanye furarsa, ya yi mata addu'a, ya ɗaure kayansa. Bai ƙara sauka a gidanmu ba. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Wannan ita ce matar da kuke cewa ta hana a shigo da gishirin asibiti. Ita ce mace ta farko a unguwarmu da ta sa aka ɗauko buhunsa sukutum aka dire a tsakar gida.

Gishirin buhu na wancan zamani ba irin na 'yar leda ba ne da kuke saye yanzu, fari tas mai laushi. Garas-garas yake, da danshi, ya yi toka-toka saboda hanya da kwanan shago, in ka shinshina kuma akwai ɗan wari kamar na ɗakin magani. Inna ta ɗebo a tafin hannu ta duba, ta yamutsa fuska.

"Wagga ƙazanta za a ba mai ciki? Ta Zugu, ɗauko min masaki."

Na ɗauko masaki, na ɗebo ruwa. Ta wanke shi fiye da yadda take wanke na Foga, don wancan ƙasa ce a ciki ta san ta, wannan kuwa ba ta san hannun da ya taɓa shi ba. Ta yi ta sake ruwa har warin ya fita ƙarƙaf, ta baza shi a ranar bazara ya bushe ya yi fari yana ƙyalli. Na tuna murna na yi. Na ce a raina duk garin Gummi babu mai cikin da ake lelenta kamar ni. Ruwan wankin kuma na juye wa awaki a kwatarniya, suna ture juna suna sha.

Layya ta zo, wasu matan suka ƙi kawo namansu, suka tsaya su ga yadda namu zai ƙare. Bai lalace ba, bai yi ɗaci ba, kafin damina masu gulmar sun dawo suna tambayar inda ake sayar da buhun. Inna ta gaya musu, ta kuma ja musu kunne su wanke shi da kyau. Ni kuwa kullum sai ta ƙara min 'yar tsunkule a miyata bayan an zuba wa kowa, ta ce in ci, magani ne. Har bakina ya saba da miya mai zau. A shekarar ne kuma awakinmu suka canza. Da can sukan haifi 'ya'ya raunana, wasu ba gashin kirki, su yi kwana kaɗan su mutu. Wannan karon jar akuya da baƙar duk tagwaye suka haifa, ƙosassu, suna tsalle kan turmi. Inna ta ce alamar alheri ce, gidan ya buɗe. Ciki ya zauna, wata tara ya cika, na haifi namiji, ya yi kuka. Ba kuka mai ƙarfi ba, amma ya yi. Ranar na ga haƙoran Inna gaba ɗaya.

Aka raɗa masa Umaru, Inna ta sa masa Barau, sunan da ake ba wanda na gabansa suka koma, ana roƙon Allah ya bar shi. Jariri ne mai barci, sai an tashe shi ya sha nono, harshensa a waje, jikinsa sanyi-sanyi. Mata masu zuwa barka suna ta yaba haƙurinsa, wai na huta. Sa'o'insa suka zauna bai zauna ba, suka yi rarrafe, suka miƙe, shi yana nan inda aka ajiye shi. In kwano ya faɗi a bayansa ba ya waiwayawa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai shi wajen masu magani har Anka. Da na yaye shi Inna ta ɗauke shi ya koma ɗakinta, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ita ta koya masa tafiya, tana riƙe da hannayensa biyu tana ja da baya, tsohuwa da ciwon gwiwa, daga bakin rumbu zuwa bakin rijiya, kullum da hantsi. Kalmarsa ta farko sunanta ne, kuma ta zo a lokacin da sa'o'insa suke zagin mutane. Duk tsawon shekarun nan gishirin buhu muke ci, wankakke fes. Wuyana bai ragu ba. Na sake yin ɓari ɗaya. Ba mu taɓa zargin gishirin ba, mun ɗauka mun riga mun yi abin da aka ce.

Barau ya kai shekarun shiga makarantar allo lokacin da wasu mata biyu ma'aikatan lafiya suka shigo gidanmu wata ranar da hantsi. Gida-gida suke bi da wata 'yar kwalba, suna ɗiga ruwanta a gishiri, in akwai aidin sai wurin ya yi shuɗi. Suka ce a kawo wanda ake miya da shi. Na ɗebo daga tulu a murfin kwano. Babbar ta ɗiga, ta ƙara ɗigawa, gishiri yana nan fari. Ta ce wannan babu aidin a cikinsa, mu daure mu koma na buhu. Ran Inna ya ɓaci.

"Ke ɗiyag ga, tun ba ki gama makaranta ba mu ka cin na buhu. Kwalbarki ta ba ta da lahiya. Zaka ki gani."

Ta ja ta har bakin rumbu inda sabon buhu yake jingine, ta kwance bakinsa da kanta. Matar ta ɗiga. Nan take wurin ya yi shuɗi kamar an ɗiga shuni. Ta dubi na buhun, ta dubi na murfin kwanon.

"Inna, tsakanin buhun nan da tulun can, me ake yi masa?"

Inna ta gyara tsayuwa ta yi mata bayani, da alfahari, yadda take koya wa amare: masaki, ruwan sanyi, a juya, a tsiyaye, a sake har wari ya fita, a baza a rana. Tana cikin magana na ga fuskar matar tana canzawa.

"Ai Inna a bayan ƙwayar yake, fesa shi ake yi. In an wanke ya bi ruwa, abin da ya rage kuma rana ta ƙarasa shi. Ba a wanke shi, ba a shanya shi. A rufe shi kawai a inuwa."

Barau na zaune a ƙasa ya jingina da ƙafar Inna yana wasa da ludayi, yawu na zuba a ƙirjinsa. Matar ta dube shi, ta dubi wuyana, ta rufe kwalbarta ba ta ƙara ko kalma ba. Da ma ta yi ta surutu, da ya fi min sauƙi. Inna ce ta yi tambaya, muryarta a kwance kamar mai tambayar kuɗin albasa.

"In ya bi ruwa, shina nan cikin ruwan?"

"Yana nan, Inna."

Ta juya a hankali ta dubi turken awaki. Sun cika shi a lokacin, jikokin ja da baƙa, sumul-sumul, kwatarniyarsu na gefe.

"Ashe awaki nib ba," in ji ta.

Da yamma ina haɗa miya ta zo ta miƙo min ƙaramin kwanonta, ta ce in zuba mata nata kafin in sa gishiri. Na ɗauka na yini ɗaya ne. Washegari ta sake miƙowa, jibi ma haka. Ko ɗan dunƙule ba ta yarda a sa mata. Matar da ke gane miyar da gishiri bai ji ba tun daga ƙamshi, ta koma cin lami, tana tura tuwo kamar mai haɗiyar magani. Da abin ya ishe ni na same ta a ɗaki na durƙusa ina kuka.

"Inna, ba ki sani ba. Ni ma tare munka wanke, ni ka ɗebo ruwan."

"Na san ban sani ba, Ta Zugu. Rashin sanin nawa ya buɗe ma Barau kunne?"

Mahaifinku ya kawo limamin unguwa ya yi mata nasiha, ya ce babu zunubi a kanta, Allah bai ɗora mata wannan ba. Ta saurara har ya gama, ta ce ita ba azumi take yi ba, ba kuma jayayya take da ƙaddara ba, bakinta ne ya ƙi. Daga baya muka kai Barau babban asibiti a Sakkwato. Likitan ya ce ba zai iya rantsewa wankin ne ya jawo ba, don rashin ya daɗe a jikina tun ina yarinya, mai yiwuwa ko da ba a wanke ba gishirin bai isa ya cike gurbin a kan lokaci ba. Na riƙe maganar nan gam tun daga tasha har gida, ina ganin na samo mata magani. Na faɗa mata tun ban cire mayafi ba.

"Ƙila," in ji ta. "Amma ƙilar ma awaki nib ba."

Daga nan tulu ya zama na nama kaɗai. Na miya ta samo masa wani gwangwani mai murfi ta ajiye a saƙon ɗakinta inda rana ba ta kaiwa. Kun tuna yadda take daka muku tsawa in kun kusanci gwangwanin nan, kuka ɗauka ƙinsa take yi. Gadinsa take yi. Ba ta yarda a sa jiƙaƙƙen hannu a ciki, ba ta yarda a bar shi a buɗe, ba a sa shi a miya sai an kusa saukewa. Ta bi gidajen da ta koya wa wanki ɗaya bayan ɗaya, da sandarta, ta ce musu ta koya musu ba daidai ba, su daina. Wasu suka yi ta ƙus-ƙus cewa tsufa ya fara taɓa ta. Ba ta kula su ba. Da cikinki Balkisu, da naka Murtala, ita ke tsayawa a kaina har in cinye, da hannunta take barbaɗa min gishirin gwangwanin, sannan ta koma gefe ta ci laminta. Kuka zo da kukanku mai tsaga kunne, kuka yi baki da wuri, kuka yi boko har kuka iya yanke wa matattu hukunci. Kaifin kan da kuke taƙama da shi, ku san akwai hannunta a ciki.

Ba ta bar aikin nama ba, ɗanɗana labu ne ta bari. Da farko ni take miƙo wa a yatsa, daga baya ta koma miƙa wa Barau. In ya gyaɗa kai ya yi, in ya yamutsa fuska a ƙara. Sannu a hankali ta koya masa yanyana, ta riƙe hannunsa a kan ƙotar wuƙar nan da ta hana ɗanta. Abin da wani zai koya a wata shi ya ɗauki shekaru, amma da ya shiga bai fita ba. Yau samarin unguwa sun watse ramukan zinari, shi yana nan, mata na kawo masa cinya kamar yadda suke kawo mata. Ina alfahari da shi, ba na ɓoyewa. Amma wani lokaci in na gan shi a gindin igiya yana kallon bakin mutane don ya gane abin da suke faɗa, sai in tuna da ruwan nan da na ɗauka da hannu biyu na kai turke, zuciyata ta yi nauyi. Da wani ya ce mana kada a wanke, shi ke nan fa. Ba allura ba, ba tafiya ba. Har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina, babu kuma wanda zan kama da laifi in huce a kansa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne duk dabarata ban iya mayar mata da gishiri baki ba. Na gwada ɓoye kaɗan a ƙasan miya, ta ɗanɗana ta ture kwanon, ta dube ni, ban ƙara ba. Haka aka yi ta tafiya har Barau ya fara gashin baki, ita kuma ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ta daina cin tuwo, kunu ma sai a yi ta lallashi. Wata safiya da hantsi ina shara na ga Barau ya ɗora 'yar tukunya, ya ciro busasshen nama daga ragowar na layya, ya jefa, ya zauna yana ta kallon wuta. Da ya nuna ya shiga ɗakin Inna ya ɗauko gwangwanin, ya goge hannunsa a riga sosai, ya tsunkulo ya barbaɗa, ya mayar da murfin ya danna. Na buɗe baki zan hana shi, sai na fasa. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya tallafo kanta ya kai mata ludayi. Ta kurɓa, ta tsaya, ta riƙe romon a baki kafin ta haɗiye.

"Barau, da gishiri."

Ya dubi bakinta ya gane. Ya matso kusa da kunnenta, da yake shi a ganinsa kowa sai an matso yake ji, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"Na gwangwani na, Inna. Ban wanke ba. Sha."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe baki. Ludayi bayan ludayi har kwanon ya ƙare, hawaye na bin gefen fuskarta yana shiga kunne, shi kuma yana share mata da bayan hannu yana dariya, don ya ga ta ci abinci. Ba ta cika mako ba bayan nan. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Kun ce har ta bar duniya ba ta sa shi a baki ba. Ta sa. Kuna makaranta a lokacin, kuma daga hannun da kuke cewa ta cuta ta karɓa.